Ɗakin da Mai Kemis Ya Shirya Mini

Masu karatu, kafin ku yanke mini hukunci, ku bari in gaya muku sana'ata, don ko a gidanmu har yau ba wanda ya iya faɗinta daidai. Mama tana ce wa ƙawayenta gyaran waya nake yi. Goggo, yayar marigayi babanmu, cewa take yawo nake yi da kwamfuta. Gaskiyar magana ni mai tsara manhaja ce. Duk abin da kuke gani a fuskar wayarku in kun buɗe wata manhaja, inda maballi yake, girmansa, launinsa, abin da zai fito in kun danna shi, akwai wanda ya zauna ya yi tunaninsa. Irin wannan zaman nake yi, sai dai ni ba a wuri ɗaya nake yinsa ba.

Kamfanin da nake wa aiki ba su taɓa ganina ido da ido ba, sai ta kyamara. Ofishina jakar goyo ce mai ruwan toka wadda zif ɗinta na gefe ya daɗe da mutuwa. A ciki akwai kwamfutata, caja iri-iri da suka cuɗe kamar saiwar bishiya, dogayen riguna marasa buƙatar guga, da 'yar ƙaramar butar dafa shayi. Na yi aiki a kan gadon masauki, na yi a benci a tasha, na taɓa yin taro a tsaye a bayan wani shago saboda nan ne kaɗai sabis yake kamawa. Manhajar da nake kai yanzu ta malaman asibiti ce, masu yi wa mata awon ciki a ƙananan asibitoci. Don haka nake bin garuruwa. In zauna a lungu in zuba ido in ga yadda suke amfani da abin da na zana, da yamma in koma masauki in gyara.

Ina wani masauki mai fanka mai kukan tsohuwar ƙofa saƙon muryar Mama ya shigo. Muryar a raunane, har da ɗan nishi.

"Auta, ƙafar nan ta sake tashi. Amma kada ki damu, ki yi aikinki."

Duk wanda ya san uwa ya san ma'anar "kada ki damu". Washegari na kama hanya.

Da na yi sallama a gida, Mama na tarar a tsaye a kicin tana juya tukunya, da ƙafar da aka ce ta tashi take ture kyanwa daga bakin ƙofa. An canza labulen falo zuwa mai ruwan zuma. An fito da kofunan gilashin da ba a taɓa su sai in baƙo mai nauyi zai zo. Goggo tana zaune a kujerar babanmu, carbi a hannu ɗaya, waya a ɗayan. A kan gadona kuma an shimfiɗa sabuwar doguwar riga ruwan ganye mai aikin zare a wuya, da mayafinta, da takalmi mai ɗan tudu wanda ni da shi ba mu taɓa shiri ba.

Na tambayi Mama jikin ƙafa. Ko kunya ba ta ji ba, ta ce ganina ne maganinta, in je in watsa ruwa.

Ban gama cin abinci ba Goggo ta buɗe nata babin. Ta ce ita tun ina rarrafe ta san na ci ƙafar kare. Ta ce mace da jakar goyo kamar ɗan firamare, yau tana gabas gobe tana yamma, in an tambaye su ina take sai su hau kame-kame. Ta ce Allah ya kawo yaro mai hankali, mai sana'a, mai kunya, wanda duk unguwa ke yabo, ni kuma ina ja masa rai kamar ni kaɗai ce mace a duniya. Na ci gaba da taunata. Na daɗe da gane cewa Goggo ba amsa take nema ba, hanya take so a ba ta ta wuce.

Yaron da take nufi shi ne Mai Kemis, kuma bari in faɗa muku tun yanzu don kada ku ɗauka labarin tilas ne: ina sonsa. Ba wanda ya haɗa mu, ni na kai kaina shagonsa. A lokacin ina tsara wata manhaja ta masu sayar da magani, na shiga na roƙe shi ya bar ni in zauna in kalli yadda yake aiki. Ya ba ni kujerar roba kusa da firij. Dogo ne, mai magana a hankali, farar rigarsa ta aiki kullum a goge, kuma yana da wata ɗabi'a ta karanta wa tsofaffi ƙa'idar magani sau biyu ba tare da ya nuna gajiya ba. Ranar ya yi ta danna maballin da ba shi ba, ni kuma ina ta tambayarsa dalili, har ya laƙaba mini suna Malama Maballi. Sunan ya bi ni. Tun daga nan, duk garin da na sauka, kafin in ajiye jaka saƙonsa ya riga ni: "Malama Maballi, an isa?" In na ce na isa, sai ya turo hoton titin gaban shagonsa ya rubuta, "Mu ma muna nan inda kika bar mu." Shi mutum ne da in ya wuce ƙarshen unguwarsu sai ya ji kamar ya yi hijira. Ni kuma ga ni. Amma zuciya ba ta neman shawara.

Goggo ta sanar da ni cewa da la'asar zai zo ya kai mu, ni da ita, mu ga gidan da ya gama gyarawa. Na ce ina da taro da shugabarmu kafin nan. Ta ce taron da ake yi da mutum a cikin gilashi ai ba taro ba ne.

Kamar da gayya, ana saura kaɗan a fara aka ɗauke wuta. Falo ya cika da hirar Goggo, ɗakina kuma sabis ba ya shiga. Sai na kwashi kwamfuta na shige sito, na zauna a kan buhun shinkafa, na ɗora ta a kan jarkar mai, na gyara mayafina yadda ba za a ga tsintsiyar da ke rataye a bayana ba. Shugabarmu mace ce mai saurin magana, ba ta da lokacin gaisuwa mai tsawo. Na nuna mata sababbin zane-zanen, ta yi tambayoyinta, sannan ta cire tabarau ta ce akwai albishir. An amince a kai manhajar wasu asibitoci da ke can nesa, inda ban taɓa zuwa ba, kuma ni take so in jagoranci aikin. Tafiyar za ta fi duk waɗanda na saba tsawo. Malaman asibitin farko suna jirana jibi, ke nan gobe da safe zan tashi. Ta ce in ina son lokacin tunani, ta fahimta.

Na kalli rigar nan ruwan ganye da nake hangowa ta ƙofar sito, na kalli zanen da na kwana biyu ina fama da shi. Na ce mata ba na buƙatar tunani, zan je.

Kada ku ce ban ji tsoro ba. Da na rufe kwamfutar sai da na daɗe a kan buhun nan kafin na tashi.

Mai Kemis ya zo a kan lokaci kamar kullum. Ya sa riga ruwan sararin sama, ya yi aski, motarsa tana ƙamshin sabon wanki. Da ya gan ni cikin rigar da takalmin mai tudu sai ya sunkuyar da kai yana murmushi, ya ce a hankali yadda Goggo ba za ta ji ba, ashe Malama Maballi tana da wasu kayan ban da na tafiya. Na harare shi, amma raina ya yi fari.

Gidan ƙarami ne mai kyau, bayan shagonsa kaɗan. Goggo ta shiga tana taɓa bango, tana buɗe famfo tana rufewa, tana sa albarka. Da ta tsaya ƙirga kwabobin kicin, sai ya yi mini alama in biyo shi zuwa wata ƙofa a ƙarshen baranda. Ya ciro mabuɗi daga aljihu ya buɗe.

Masu karatu, ban taɓa ganin ɗakin aiki mai kyau irin wannan ba. Tebur mai faɗi na katako yana fuskantar taga. Kujera mai juyawa, mai taushin baya, irin wadda nake gani a bayan abokan aikina in muna taro ina haɗiyar yawu. Ya sa sola ta ɗakin shi kaɗai don kada wuta ta yanke mini. Ya ja intanet. Ya kafa farin allo a bango, ya jera alƙaluma masu launi a ƙasansa. Labulen ruwan toka ne, launin da ya san ina so. Har da ɗan tebur a gefe da butar shayi sabuwa fil a kwalinta. Na tuna buhun shinkafar da na tashi daga kai ɗazu, sai na ji hawaye yana neman zubo mini.

Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon fuskata. Ya ce ya daɗe yana haɗa shi kaɗan-kaɗan, ya yi ta kallon hotunan ofisoshin masu irin aikina don kada ya yi kuskure. Sannan ya nuna wata ƙugiya da ya kafa a bayan ƙofa.

"Nan kuma jakar nan za ta huta," ya ce. "Ta sha wahala. Ke ma kin sha."

Hawayen ya koma inda ya fito. Na zauna a kujerar, ta karɓe ni kamar ta san ni, kuma wannan ya ƙara mini jin zafin abin da zan faɗa.

Na tambaye shi ko ya tuna abin da na fara yi ranar da na shiga shagonsa. Ya ce ya tuna mana, na hana shi sakat da tambaya.

"To kai ka tambaye ni kafin ka shirya wannan?"

Na ga murmushin ya sauka daga fuskarsa a hankali, kuma wallahi da zan iya mayar da shi da na mayar. Amma na riga na fara.

Na ba shi labarin wani ƙaramin asibiti da na je kwanakin baya. A kwamfutata na zana maballin gaggawa, wanda malamar asibiti za ta danna in jinin mai ciki ya hau, a tura saƙo babban asibiti su shirya karɓarta. Na yi shi ja, ɗan daidai, a saman kusurwa. Kowa a kamfani ya yaba. Da na je, sai na tarar ana awo a baranda saboda ɗakin ya yi kaɗan, rana tana dukan fuskar wayar har jan ba ya fita. Malamar tana sanye da safar hannu, hannu ɗaya riƙe da matar da jiri ke ɗiba, da babban yatsa kaɗai take iya taɓa wayar, shi kuma ba ya kaiwa kusurwar. A gabana ta yi ta lalube, daga ƙarshe ta ajiye wayar ta aika a kira direba da baki. Matar ta tsira, alhamdulillahi. Amma ni ranar ban iya cin abinci ba. Na koma masauki na sauko da maballin ƙasa, na faɗaɗa shi ya cika faɗin waya, na sa shi yana girgiza in an taɓa.

Na ce masa da ina zaune a wannan kyakkyawar kujera, da har yau maballin yana kusurwa, ina ta karɓar yabo.

Ya jingina da bango ya harɗe hannuwa. Ya ce shi bai taɓa cewa in bar aiki ba, kuma ba zai ce ba. Sai dai akwai abin da bai gaya mini ba. Ummansa, wato mahaifiyarsa, ta ce ba ta da ja a kaina, amma ba ta gane auren da mata ke gari ɗaya miji na wani ba, kuma ba za ta sa baki a maganar ba sai an warware wannan. Umma tsohuwar shugabar makaranta ce, in ta faɗi magana ba ta maimaitawa. Sau ɗaya na taɓa gaishe ta, ta dube ni ta saman tabarau har sai da na ji kamar ban yi aikin gida ba. Ya ce ya ɗauka ɗakin nan zai gamsar da kowa: ni in samu aikina, Umma ta samu natsuwa, shi kuma ya daina kwana da waya a hannu yana jiran in ce na isa.

Wannan ta ƙarshen ta soke ni. Ban taɓa tunanin yadda "an isa?" ɗin nan take fitowa daga bakinsa ba.

Duk da haka na gaya masa gobe zan tafi, kuma wannan karon da nisa. Na ce ba ina nufin haka zan ƙare rayuwata a kan hanya ba, ni ma ina son in buɗe ƙofa in tarar da wanda ke jirana. Amma ba zan yarda a yanke yadda aikina zai kasance ba tare da an taɓa ganinsa ba.

"Ka zo ka gani da idonka," na ce. "Ko yini ɗaya ne. In ka gani ka ce ɗakin nan ya isa, sai mu zauna mu yi magana."

Ya ce na san ba ya iya rufe shago, akwai masu ciwon suga da hawan jini da suka dogara da shi. Na ce na sani, kuma ban taɓa ce masa ya rufe ba. Ya dube ni, ya gane ina nufin yadda na bar masa aikinsa shi ma ya bar mini nawa, ya kau da kai.

A mota ba wanda ya yi magana sai Goggo, tana ta yabon tayil ɗin banɗaki.

Kafin magariba labari ya gama gidanmu. Goggo ta ce ita ta wanke hannunta, ta ɗauki jakarta ta tafi ko sallama ba ta yi mini ba. Mama ba ta yi faɗa ba, kuma na fi son a ce ta yi. Ta shigo ɗakina ina naɗe kaya, ta zauna a bakin gado, ta ɗauki rigar ruwan ganyen ta ninke ta da kanta. Ta ce ita ba aikina take ƙi ba, ko da ba ta gane shi. Ta ce tun da babanmu ya rasu ta san yadda gida yake in ba motsin kowa, kuma ba ta so in wayi gari na gama zaga duniya in dawo in tarar da irin wannan shirun.

"Mutumin kirki yana da haƙuri, Auta," ta ce, "amma shi ma zuciya gare shi."

Na riƙe hannunta na ce na sani, Mama. Na ce in na ajiye jakar nan don tsoro, zan zauna a ɗakin nan mai kyau ina jin haushinsa kullum, shi kuma bai cancanci haka ba. Ta ce taurin kan nan ba daga wajenta na ɗauko ba. Ta tashi ta fita. Can sai na ji ta a kicin tana haɗa mini abin da zan ci a hanya.

Da safe na mayar da rigata ta tafiya da takalmina mara tudu. Na duba waya, ba saƙonsa. A cikin motar haya zuwa tasha na sake dubawa. Na rubuta "Na fito", na goge. Na rubuta "Ka yi haƙuri", na goge wannan ma, don ban san abin da zan ba da haƙuri a kai ba. Daga ƙarshe na tura masa sunan tashar da motar da zan shiga, kamar yadda na saba, na ga alamar ya karanta. Bai amsa ba.

Na samu kujerar taga a babbar motar, na rungume jakata a cinya. Fasinjoji suna ta shigowa, masu talla suna miƙo ruwa da biskit ta taga. Kujerar kusa da ni ba kowa, kwandasta ya ce an riga an kama ta ta waya. Na hau gyara mayafi, ina leƙen ƙofa, ina faɗa wa kaina kada in sa rai, ina kuma sa ran.

Wayata ta yi ƙara. Shi ne.

"Malama Maballi, na faɗa a gida yadda muka yi, ban rage komai ba. Na so in zo da kaina. An riga ni. Allah ya ba ki sa'a."

Ban gama fahimtar saƙon ba na ji ƙamshin turare mai sanyi a kaina. Na ɗaga ido. Wata dattijuwa ce cikin farin mayafi, da ƙaramar akwati a hannu da lema a hammata, tana dubana ta saman tabarau.

Na yi zumbur zan miƙe, kaina ya bugi wurin ajiye kaya. Na rusuna yadda matsin kujera ya bari, na ce Umma ina kwana. Ta amsa a taƙaice, ta miƙa wa kwandasta akwatin, ta zauna ta gyara zamanta kamar wadda ta saba da hanyar.

"An ce kin ce a zo a gani," ta ce. "Shi yana da shago. Ni na yi ritaya."

Na ce Umma hanyar da nisa, masaukin kuma ba wani na kirki ba ne, wani lokacin ko ruwa sai an ɗebo. Ta ce ta yi aiki a makarantun da ko ƙofa ba su da ita tun ba a haife ni ba, in bar wannan zancen.

Direba ya tayar da mota. Ta cire tabarau ta goge da gefen mayafi, ta mayar.

"Ban zo don in goyi bayanki ba, ban kuma zo don in kushe ki ba. Abin da na gani shi zan koma in faɗa, ko ya yi muku daɗi ko bai yi ba." Ta nuna jakar da ke cinyata da haɓa. "Buɗe abin naki. Ki fara mini daga farko."

Motar ta fita daga tasha ta hau babban titi. Na ja zif, na ciro kwamfutar na ɗora a gwiwa. Garin sauri na yi kuskuren lambar sirri, Umma tana kallo. Na ja numfashi, na sake bugawa a hankali, ta buɗe. Na juya fuskar kwamfutar zuwa wajenta.